Doyar Zama

Kwana talatin da uku da rasuwar Sarki Nata'ala, cocin Unguwar Baƙi ta riga ta kafa kwamiti huɗu a kansa: na anko, na abinci, na rumfa da kujeru, da na tarbar manyan baƙi. Shekara biyun da ya yi a kwance, ƙafarsa ba ta taka ƙasa, ko kwamiti ɗaya ba a kafa na zuwa gaishe shi ba. Dokas, malamar firamare kuma sakatariyar matasan cocin, ta faɗi haka a taro, aka yi dariya, aka ce Malama ta fara. Don a huta da bakinta, sai dattawa suka ɗora mata rubuta jawabin tunawa da marigayin, wanda za ta karanta ranar Lahadi a gaban iyalinsa.

Tungan Baushe ƙaramin gari ne a gefen hanyar da ta bar Suleja ta nufi Lambata, kuma sarkinsa ba irin sarakunan da ake buɗe wa hanya da jiniya ba ne. Abin da aka san shi da shi zaure ne. Ranar da aka naɗa shi ya sa aka cire ƙyauren zauren, aka jingine shi a bayan gida har gara ta cinye. Randa biyu a kusurwa, tabarmi a naɗe, turmi yana ƙara daga cikin gida. Direban da motarsa ta mutu, matar da ta yi ɓatan kai, Bafulatanin da yamma ta yi wa, duk nan suke sauka.

Dokas tana da shekara biyar lokacin da rikici ya koro su daga garinsu. Gida goma sha biyu a bayan babbar mota guda, motar kuma ta zo daidai Tungan Baushe ta ƙi gaba, ana tsuga ruwa. Abin da take iya tunawa shi ne wani dogon mutum ya fito da lema ɗaya, ya miƙa wa mahaifiyarta, shi ya tsaya ruwa yana dukansa. Sauran labarin mahaifinta Gidiyon ne ya riƙa ba ta har ya mutu. Ya ce da aka shigar da su zaure, aka fara jera kwanuka, sai tsoro ya kama shi kada a ciyar da su bisa kuskure. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu fa Kirista ne."

Sarki ya dube shi ya ce, "To, Kirista ba ya cin sakwara ne?"

Wata biyu suka yi a gidan. Daga baya ya taka da ƙafarsa ya kai su fili a hayin rafi, ya sa aka dasa bini-da-zugu aka zagaye iyaka, ya ce su gina gidajensu, su gina wurin ibadarsu. Ba takarda, ba sa hannu. Sharaɗi ɗaya ne, wanda ke kan duk mai zama a ƙasar gidan sarauta tun kaka da kakanni: doyar zama. In sabuwar doya ta fito, kowane gida zai kai guda ɗaya zaure, a kira sunansa a gaban dattawan gari. Ba haraji ba ce, shaida ce cewa ka san mai ƙasa, kuma da ita ake yi wa baƙin zaure sakwara. Wanda ya yi shekara uku a jere bai kai ba, an ɗauka ya yar da zaman, ƙasa ta koma inda ta fito. Mutanen Unguwar Baƙi sukan haɗa tasu, goma sha biyu ta gidaje, ɗaya ta coci, Baba Joshuwa babban dattijon ikilisiya ya kai a madadin kowa.

Ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta, Dokas ta karɓi tsohon littafin taron dattawa, tana neman kwanan watan da aka aza harsashin coci. Tana cikin buɗe shafuka idonta ya faɗa kan wani zama na shekara tara da suka wuce, mako ɗaya bayan wani taron farkawa da aka gayyato mai wa'azi daga nesa. Rubutun a fili yake. Tun da bawan Allah ya nuna cewa nunan fari, wato amfanin gona na farko, na Ubangiji ne shi kaɗai, kuma kai doyar farko zauren sarki haɗa bagade biyu ne, wato bauta wa iyayengiji biyu, an amince daga bana a riƙa kai doyar wurin godiyar girbi. A ƙasa an ƙara layi ɗaya: kada a sanar da fada, don gudun ɓacin rai.

Ta karanta sau uku. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, duk shekara matan gari sukan tare mahaifiyarta a wurin niƙa su ce, doyarku ta bana ta fi ta kowa girma.

Ta tarar da mahaifiyar tata, Lidiya, tana wanke injin niƙan da ke ƙofar gida, wanda da shi ta riƙe su tun rasuwar Gidiyon. Ta buɗe mata shafin.

Lidiya ba ta ko duba ba. "Na sani. Ina wurin."

"Mama, to doyar da ake kira da sunanmu fa? Wa ke kaiwa?"

"Shekarar farko mun yi ta jiran a aiko a kira mu. Sai muka ji an ce doyarmu ta isa. Baba Joshuwa ya ce Ubangiji ne ya tanada."

"Ubangiji ne ya ɗauki doya goma sha uku a ka ya haye rafi?"

"Ki iya bakinki."

"Shekara tara, Mama. Ana yi muku godiya kuna cewa ba komai. Ba wanda ya tambaya?"

Lidiya ta matse tsumman hannunta. "Wanda ya tambaya, sai ya ji amsa. In ya ji amsa, sai ya yi wani abu. Ke ba ki san abin da ake nufi da a kore ki daga gida ba, a goye kika zo rabin hanya." Ta nuna gidan da haɓa, ɗaki uku da mangwaron da Gidiyon ya dasa. "Ranar Alhamis mai zuwa, bayan addu'ar arba'in, Suhaibu ya kira duk masu zama a ƙasarsu. Kin ga mutanen da yake yawo da su, masu awon fili. Ki rubuta abin da aka sa ki, ki bar abin da ba a sa ki ba."

Kowa ya san wannan. Suhaibu babban ɗan marigayi ne, ma'aikaci a Abuja, shi ke riƙe da gidan kafin a yi naɗi, da ƙanne sama da ashirin a wuyansa. Filin hayin rafi da a da kura ce kawai ke kwana a cikinsa, yanzu masu aiki a Abuja suna neman ko tafin hannu ne a wajen.

Washegari da hantsi Dokas ta tafi zaure. Baba Gambo na nan, tsohon da ya yi shekara arba'in yana cika randunan nan yana tarbar baƙi. Ya gane ta tun daga nesa.

"'Yar Gidiyon. Ke ce kika yi mana fitsari a kan buzun liman."

"Baba, ba za a manta da wannan ba ke nan?"

"Liman ya yafe, buzun ne bai yafe ba. Zauna."

Ta zauna, ta yi masa gaisuwar rashi, sannan ta ce ta ga littafin dattawa.

"Tunda kin zo da rabi, gara in ba ki sauran da ki je kina tambayar waɗanda bai kamata ba," in ji shi. "Shekarar farko aka kira Unguwar Baƙi, shiru. Sarki ya ce a dakata, rafi ne ya cika ya tsare su. Ya kira ni gefe ya ce, Gambo, zaga ta baya, ka zaɓo goma sha uku daga rumbuna, manya, ka shigo da su ta gaba. Na ce ranka ya daɗe, da furfurata zan yi ƙarya? Ya ce ina ƙarya a nan? Na ba su kyauta, ka karɓa a madadinsu, ka kawo. Doyarsu ce."

"Bai aika a tambaye mu ba?"

"Shekara ta biyu na ce bari in je in ji ko lafiya. Ya hana. Ya ce ranar da na aika a tuna musu, na tashi daga mai masauki na koma mai karɓar haraji. Ƙyale su, za su tuna." Gambo ya gyara hularsa. "Da ya kwanta ma, lokacin doya na yi zai ce, an kai ta baƙina? In ce an kai. Wani lokaci ya ce, ba wanda ya leƙo daga cikinsu? Sai in ce sun zo kana barci. Wannan ƙaryar tawa ce, ba tasa ba, ni zan amsa ta."

Dokas ta yunƙura za ta tashi.

"Ki saurare ni," in ji Gambo. "Suhaibu yana zargi, don ya san irin doyar gonar ubansa. Amma abin da sarki ya faɗa a zaure ya zauna, ɗa ba ya ƙaryata uba a kabari. Ba mai iya warware shi sai ku da bakinku. In kuka yi shiru, gidajenku na nan. Abin da marigayi yake so ke nan. Ki rubuta ya ciyar da mutane, ki rubuta rijiyar da ya haƙa, ki rubuta lemar da ya ba uwarki. Ki bar doya."

Ta yi masa alkawari. Ta koma gida ta rubuta shafi biyu, rijiya da lema da ƙyauren da aka cire, ba doya ko ɗaya. Ranar Asabar Baba Joshuwa ya karɓa ya karanta da tabarau a kan hanci, ya ce, "Yauwa. Ashe in kin ga dama kina da hankali." Ta haɗiye. Duk lokacin da maganar ta taso mata, sai ta dubi injin niƙa da mangwaro, ta sake haɗiyewa.

Lahadi ta zo. An buga hoton sarki a jikin atamfar anko, saboda haka duk inda ka juya fuskarsa ce, a ƙirji, a ɗankwali, wasu ma a kanta suka zauna. Mutumin da ya yi shekara biyu yana tambaya ko wani ya leƙo, yau ga shi a jikin mutum ɗari uku. Aka zaunar da Suhaibu da ƙannensa a layin gaba, Gambo a bayansu. Zumuntar mata suka yi waƙa har uku.

Fasto ya yi wa'azi a kan kutaren nan goma da aka warkar, tara suka yi gaba, ɗaya ya dawo ya yi godiya. Ya ce marigayi, ko da yake ba addininmu ɗaya ba, ya yi abin da Ubangiji ya ce za a tambaya a ranar ƙarshe, ya ga baƙo ya karɓe shi, ya ga mai yunwa ya ba shi abinci. Har nan Dokas ba ta da ja. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Mu kuma, 'yan'uwa, mu ne wannan ɗayan da ya dawo." Aka amsa da amin mai ƙarfi.

Sannan aka kira Baba Joshuwa ya yi magana a madadin dattawa. Ya fito a hankali, ya tsaya daidai gaban Suhaibu, ya ɗaga hannunsa na dama.

"Kun ga wannan hannun? Shekara ashirin da huɗu, bai taɓa fashin kai doya zaure ba. Ko ruwa ko rana. Akwai shekarar da rafi ya kawo mini nan," ya nuna ƙirjinsa, "na ɗora kwando a ka na haye. Marigayi ya riƙe amana, mu ma mun riƙe. Ya yi mana, mun yi masa. Tsakaninmu da shi ba wanda ya gaza."

Aka tafa. Dokas ta dubi Gambo, ta ga ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Yin shiru ta amince da shi. Wannan kuwa ba shiru ba ne. Wannan an tuɓe wa mamaci rigarsa ne ana yawo da ita a gaban 'ya'yansa, a cikin ɗakin Allah, ana tafi.

Aka kira sunanta. Ta fito da shafukanta biyu. Ta karanta lema, ta karanta sakwara, aka yi dariya inda ya kamata. Ta kai wurin rijiya. Ta ɗaga kai ta ga mahaifiyarta a cikin zumuntar mata, ta kafe ta da ido. Ta ga Baba Joshuwa yana gyaɗa kai, hannun nan nasa a kan gwiwa. Ta naɗe takardar.

"Akwai abin da ya fi duk waɗannan, ban rubuta shi ba," ta ce. "Shekara tara ke nan ba mu kai doyar zama ba. Yana cikin littafin dattawa, da kwanan wata. Mun ce nunan fari na Allah ne, muka kawo ta nan, muka yi gwanjonta bayan sujadar Lahadi, ba mu ko gaya wa sarki ba. Shi ne yake ɗebo doya daga rumbunsa, a shigo da ita da sunanmu, don kada a kore mu. Mun sani, muka ce mu'ujiza ce. Fasto, ka yi haƙuri, ba mu ne wanda ya dawo ba. Mu ne taran. Taran ma sun fi mu, su ba su dawo bayan mutuwa sun ce su ne suka yi warkarwar ba. Mutumin nan bai taɓa shiga cocin nan ya ji wa'azi ba, amma abin da muke wa'azinsa duk Lahadi, shi ya yi shi, a ɓoye, ga mutanen da suka raina shi. In za mu yabe shi, mu yabe shi da abin da ya yi, ba da abin da muka ƙaga ba."

Wani ya kashe lasifika, amma ta riga ta gama. Suhaibu bai ɗaga murya ba. Ya juya ya ce, "Baba Gambo, haka ne?"

Tsohon ya ce, "Haka ne."

Suhaibu ya miƙe, ya gode wa fasto, ya ce sai ranar Alhamis. Ƙannensa suka bi shi. Shinkafar da kwamitin abinci ya dafa ta manyan baƙi, ba wanda ya buɗe kulolin.

A waje mutane suka dare mata hanya kamar mai cutar da ake ɗauka. Wata daga zumuntar mata ta ce, "Malama mai gaskiya, sai ki shirya mana ɗaki a ajinki." Mahaifiyarta ta riga ta tafi. Gambo ne kaɗai ya tsaya, yana dogara sanda a bakin iyakar bini-da-zugu.

"Kin yi mini alkawari," ya ce.

"Baba, ka ji abin da ya faɗa. In bari a ce an saka masa?"

"Shi bai damu a ce ba. Shekara tara yana rufa muku asiri, 'yata, ba don kun cancanta ba, don yana so ku zauna. Kin yabe shi yadda ba wanda ya taɓa yabonsa. Kin kuma rushe aikin da ya fi wahala a kansa. Ban san wanne zan fara yi miki ba, godiya ko faɗa."

Bai yi ko ɗaya ba, ya tafi.

Ranar Alhamis zaure ya cika. Dattawan coci suka zo da lauya, da rago, da a-kori-kura shaƙe da doya, wai ta shekara tara gaba ɗaya. Abin da ya gagare su guda-guda, yau ya zo a mota. Dattawan gari suka saurari lauya har ya gaji, sannan mafi tsufansu ya ce doyar zama ba a rama ta. Ba doyar ake so ba, zuwan ake so, zuwan shekarar da ta wuce kuwa ba a kawo shi bana. Ƙasa ta koma gidan sarauta.

Suhaibu ya yi magana a ƙarshe. Ya ce ginin coci da kaburbura ba zai taɓa su ba, albarkacin mahaifinsa. Gidaje goma sha biyu kuwa, ya ba su zuwa ƙarshen rani.

Baba Joshuwa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba mana. Yarinya ce ta yi ɓaranɓarama."

"Baba, tashi, ka haife ni," in ji Suhaibu. "Ba maganar yarinya ba ce. Ƙannena sun daɗe suna cewa a karɓi filin nan, ina cewa mutanen mahaifina ne. Da mutum ɗaya a cikinku ya shigo ya zauna a bakin gadonsa sau ɗaya a shekara biyun nan, da yau ina da abin da zan gaya musu." Ya juya inda Dokas take tsaye a bakin ƙofa. "Malama, na gode da abin da kika faɗa, ban san girman abin ba sai a bakinki. Ke kin zo duba shi?"

Makarantar da take koyarwa tana bayan fada. Safe da rana ta gaban zauren nan take wucewa, shekara biyu, tana tsara yadda za ta caccaki dattawa a taro saboda ba su kafa kwamitin gaisuwa ba.

"Ban zo ba," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Aka shafa addu'a, aka watse. A-kori-kurar ta juya da doyarta.

Lahadin da ta biyo baya coci ta kafa kwamiti biyu, ɗaya na neman fili, ɗaya na ladabtar da Dokas. Ba wanda ya kawo shawarar a buɗe littafin nan a karanta shafin a gaban jama'a. Fasto ya yi wa'azi a kan harshe da irin gobarar da yake tayarwa.

Kwana tara Lidiya ba ta yi wa 'yarta magana ba, sai dai ta ajiye mata abinci ta rufe. Rana ta goma da safe ta fito da mayafi, da doya guda ɗaya a cikin kwano, wadda ta haƙo daga kunya huɗun da take nomawa a bayan gida.

"Sa takalminki," ta ce.

Suka haye rafi. A zaure suka tarar da kafinta yana awon bakin ƙofa, yana rubuta lamba a jikin bango da fensir. A ciki wasu mutum biyu na zaune a kan tabarma, da alama direba ne da fasinjansa, mota ta mutu a hanya. Gambo ya ga kwanon ya girgiza kai.

"Maman Dokas, an riga an yanke. Ba abin da za ta canza."

"Na sani, Baba. Ba ta zama ba ce. Waɗancan sun ci abinci?"

"Ba su ci ba. Tun da aka yi arba'in ba a ɗora tukunyar zaure ba."

"To a dafa musu."

Gambo ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta yana dubawa kamar yadda ya saba. Ya buɗe baki kamar zai kira suna, sai ya tuna ba dattawan da za su ji, ya shige cikin gida da ita.

A hanyar komawa, daidai tsakiyar rafi, Lidiya ta tsaya tana tattare zaninta.

"Ba ki yi ƙarya ba," ta ce, ba tare da ta waiwaya ba. "Kada ki ɗauka na yafe miki ne. Ubanki da hannunsa ya buga bulon gidan nan."

"Na sani, Mama."

"In kin tashi daga makaranta, ki shiga Suleja. Ki duba unguwar Chaza, ki duba unguwar Magajiya. Ɗaki ɗaya ya ishe mu, amma ki tambayi mai gidan tun da wuri ko zai yarda da ƙarar inji."